"Consist of", "comprise" ko "made up of": wanne ake sa wa idan ana faɗin abin da abu ya ƙunsa?

Ɗalibar Kimiyya ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina roƙon a warware mini wani abu a Turanci. Idan ana so a faɗi abubuwan da suka haɗu suka tayar da wani abu, kalmomin suna da yawa: "consist of", "comprise", "composed of", "made up of", "include", "contain". Ni duk da "ya ƙunshi" nake fassara su, shi ya sa ba na ganin inda suka rabu. Ga jimloli huɗu, a duba mini su:

"The committee comprises of seven members."
"The committee is comprised of seven members."
"Water is consisting of hydrogen and oxygen."
"Paper is made of wood."

An ce ta farko kuskure ce, amma ina ganinta a jaridu da takardun ofis kullum. Ina so in san dalili, ba a ce mini "haka ake faɗa" kawai ba. Na gode.

Malam Ɗan-Nahawu ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin a taɓa maganar "of", ki fara duba abu ɗaya: me kika sa a farkon jimlar, dunƙulallen abin ne ko sassansa? Kalmomin nan gida biyu suke, kuma kowane gida da inda ya fuskanta.

Idan dunƙulallen abu ne a gaba, sassa suna biye, kina da hanya huɗu masu lafiya. "The Security Council consists of 15 members." "The Security Council comprises 15 members." "The Security Council is composed of 15 members." "The Security Council is made up of 15 members." Ma'anarsu ɗaya: Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya yana da mambobi 15, biyar na dindindin da goma da ake zaɓa. Bambancin a nauyin magana yake. "Made up of" ita ce ta hira da rubutu mai sauƙi, "consists of" tana shiga ko'ina, "is composed of" an fi jinta a kimiyya, "comprises" kuma ta rahoto ce da takardun hukuma.

Idan kuwa sassa ne a gaba, sai a juya: "Fifteen members make up the Council", ko "constitute", ko "form". Ana iya cewa "Fifteen members compose the Council", daidai ne, sai dai ba kasafai ake faɗa ba.

Yanzu ki lura, a cikin huɗun farko guda ɗaya ce ba ta ɗauke da "of", wato "comprises". Dalili shi ne aikatau ne so-karɓau, yana faɗawa kan karɓau ɗinsa, wato sunan da aikin ya faɗa wa, kai tsaye kamar "include" da "contain". Ba wanda zai ce "includes of", to haka "comprises of" take a kunnen mai harshen. Kalmar ta shigo Turanci daga Faransanci, daga "compris", kuma asalin ma'anarta a rungume abu ko a tattaro shi ciki. Wanda ya rungumi abu ba ya bukatar gada tsakaninsa da shi. Kuskuren yana fitowa ne daga gwamutsa kalmomi biyu masu kama: ana ɗauko "of" ɗin "consists of" a liƙa wa "comprises". Yawan ganinta a jarida bai wanke ta ba. Mai duba jarrabawa da edita duk za su ja mata layi. Jimlarki ta farko a cire "of" kawai, ta gyaru.

Ta uku matsalarta daban ce. "Consist" aikatau ne na hali, ba na aikin da ake cikin yi ba, ɗan gidan su "know", "belong" da "own" ne. Irin waɗannan ba sa karɓar "is" da "-ing". Ruwa ba yana cikin aikin ƙunsar haidirojin ba ne yanzu ya gama anjima, yanayinsa ke nan. Sai a ce "Water consists of hydrogen and oxygen." Ina ganin Hausarmu ce ke jan hannu a nan: muna cewa "yana ƙunshe da", kuma wannan "yana" ɗin shi ke sa mai rubutu ya ji dole sai ya sa "is".

Amma kar a ɗauka "consisting of" haramun ce gaba ɗaya. Idan ta biyo suna tana bayaninsa, ba tare da "is" ba, lafiya lau ce: "A committee consisting of seven members met on Monday." A nan babban aikatau "met" ne, ita kuwa sifa ce kawai take yi wa kwamitin.

Akwai wasu 'yan'uwan wannan kuskure guda biyu da ba ki kawo ba, amma suna yawo sosai. "Is consisted of" ba ta yiwuwa, domin "consist" ƙi-karɓau ne, ba a juya shi zuwa sigar da Turawa ke kira "passive". Sai "composes of", wadda ita kuma akasin haka ne: "compose" dole a juya shi idan dunƙulallen abu ne a gaba, a ce "is composed of". A haddace su a haka, kowace da kayanta: "consists of" ba "is", "is composed of" da "is", "comprises" ba "is" ba "of".

Jimla ta biyu ni a wurina kuskure ce, a guje ta.

Mai Gyaran Rubutu ta amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah Ya ƙara basira. Sai dai a kan jimla ta biyu zan ɗan sassauta hukuncin, domin "is comprised of" ba ajinsu ɗaya da "comprises of" ba.

"Is comprised of" tsohuwa ce, ana samunta a rubutun Turawa tun ƙarni na 18, kuma manyan ƙamusoshi sun shigar da ita, tare da gargaɗin cewa wasu ba sa sonta. Ƙamus ɗin American Heritage ya tambayi kwamitinsa na marubuta da masana a kanta a lokuta daban-daban: a shekarun 1960 kashi 53 cikin ɗari sun ƙi ta, a 1996 suka ragu zuwa kashi 35, a 2011 kuma kashi 32. Ke nan masu ƙin suna raguwa, amma kusan mutum ɗaya cikin uku ba ƙaramin adadi ba ne. Har akwai wani edita a Wikipedia ta Turanci da aka ba da labarinsa a 2015, wanda ya gyara wannan lafazi kaɗai sama da sau 47,000.

Hujjar masu ƙin ta mai sauƙi ce. Idan "comprise" na nufin rungumewa, to "is comprised of" ta zama kamar a ce kwamiti "an rungume shi na" mutum bakwai, maganar ba ta tsaya ba. Masu karɓarta kuma suna cewa harshe ba lissafi ba ne, abin da masu shi suka yi shekaru ɗaruruwa suna faɗa ya zama nasu. Shawarata ga ɗaliba: idan kin gan ta a rubutun wani kar ki ce jahili ne, amma ke kar ki rubuta ta a jarrabawa, ko kundin bincike, ko takardar neman aiki. Ba abin da za ta ba ki wanda "is composed of" ba za ta ba ki ba, kuma ita wannan ba mai tanka mata.

Abin da ya fi damuna a rubutun masu koyo ma ba wannan ba ne. Shi ne "include" da "consist of", domin a nan ba nahawu kaɗai ke lalacewa ba, gaskiyar maganar ce ke canzawa. "Consist of" alkawari ne cewa an lissafo komai. "Include" kuwa tana cewa ga wasu daga ciki, akwai saura. Duba:

"The United Kingdom consists of England, Scotland, Wales and Northern Ireland." Huɗu ne, an kawo huɗu, magana ta cika.

"The United Kingdom includes Scotland and Wales." Gaskiya ne, domin ba a yi iƙirarin an gama ba.

"The United Kingdom consists of Scotland and Wales." Nahawu bai karye ba ko kaɗan, amma ƙarya ce, an jefar da Ingila da Ireland ta Arewa.

Haka idan aka juya. Wanda ya rubuta "A water molecule includes two hydrogen atoms and one oxygen atom" ya bar mai karatu yana jiran na huɗu, alhali babu. A nan "consists of" ake so. Saboda wannan dalilin ne kuma "consists of A, B, etc." take da rauni: an yi alkawarin cikakken jeri, an kuma buɗe ƙofa a ƙarshe. Ita ma "includes A, B, etc." maimaici ne, tunda "includes" ta riga ta faɗi cewa akwai saura.

Idan ba a son lissafo komai amma ana son nuna abin da ya fi yawa, sai a sa kalmar awo a tsakiya: "Air consists mainly of nitrogen and oxygen." Naitirojin kusan kashi 78 ne na busasshiyar iska, oksijin kusan kashi 21, ragowar kashi ɗaya galibinsa agon ne. Kalmar "mainly" ita ta ɗauki nauyin wannan ragowar. "Largely", "mostly" da "chiefly" duk suna wannan aiki, "entirely" da "solely" kuma suna rufe ƙofa ruf.

"Contain" ita ta abin da ke cikin abu ce, ba lallai shi ne ya gina shi ba. "Seawater contains salt", gishirin kusan kashi 3.5 ne kacal. Ba a cewa "Seawater consists of salt". Gwajin da za ki riƙe: idan aka kwashe abin da aka ambata, dunƙulallen yana nan? Akwati da aka zazzage kayan cikinsa akwati ne har yanzu, to "The box contains 32 chess pieces." Amma kwamiti da aka kwashe mambobinsa bakwai babu shi, to "consists of".

Ɗalibar Kimiyya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Malama. Gwajin akwatin nan ya zauna mini. Saura jimla ta huɗu. A makaranta an koya mana cewa idan ana ganin abin da ido "of" ne, idan ba a gani "from" ne. To me ya sa littattafan kimiyya suke cewa "Diamond is made of carbon", alhali ba wanda ke ganin kabon a jikin lu'ulu'u?

Tafinta ya amsa:

Tambayar nan ta kama ƙa'idar makaranta a inda take da rauni, 'yar'uwa. Maganar gani da ido dabara ce ta koyar da yara, tana aiki a kan tebur da takarda, amma ba ita ce ainihin ƙa'idar ba. Ainihinta ita ce: "made of" tana faɗin abin da jikin abu yake a yanzu, "made from" tana faɗin inda aka taso kafin a sarrafa.

Lu'ulu'u kabon ne a yanzu haka, ba wai an fara da kabon ya rikiɗe ya zama wani sinadari ba, don haka "of". Rana ma haka: "The Sun is made mostly of hydrogen and helium." Takarda kuwa ba itace ba ce yanzu. An farfasa itacen, an dafa ko an niƙa shi ya zama ɓawon zare mai laushi, an baza, an matse, an busar. Saboda haka jimlarki ta huɗu ta fi kyau a ce "Paper is made from wood."

Hanya mafi sauƙi ta ganin bambancin ita ce a bi abu ɗaya mataki biyu. "Glass is made from sand", domin ana narka yashi tare da soda da farar ƙasa a zafin da ya kai wajen digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyas, abin da ya fito ba yashi ba ne kuma. Daga nan "The window is made of glass", domin tagar gilashi ce har gobe. Haka "Most plastic is made from oil or natural gas", amma "The bottle is made of plastic." Idan ana son a faro daga ɗanyen kayan, akwai "into": "Wood is made into paper."

Akwai wuraren da duka biyun ke shiga, kar wannan ya ruɗa ki. "This shirt is made of cotton" da "made from cotton" duk ana ji. Na farko yana kallon yadin da ke jikin rigar, na biyu yana kallon audugar da aka kaɗa. Ba kowace jimla ce ke da amsa ɗaya tak ba.

"Made out of" kusan ɗaya take da "made of", amma ta fi zuwa idan an ɗauki abu an mai da shi wani abin da ba don shi aka yi shi ba, ko kuma kayan sun ba da mamaki: "a shelter made out of cardboard boxes".

Wadda Bahaushe ya fi faɗawa ciki ita ce "made with". Mu "da" guda ɗaya muke da ita: an yi shi da katako, an yi shi da guduma, an yi shi da man zaitun. Sai hannu ya tafi kan "with" a ko'ina. A Turanci "made with" tana nuna ɗaya daga cikin kayan haɗi, ko kuma kayan aikin da aka riƙe a hannu. "This soap is made with olive oil" na nufin akwai man zaitun a ciki tare da wasu abubuwa. Shi ya sa masu talla suke sonta, tana ba su damar ambaton abu mai daraja ko da kaɗan suka zuba. "The table is made with wood" kuwa tana sa a ji kamar katako ɗaya ne daga cikin kayan, ba shi ne jikin teburin ba.

Sai a raba "made of" da "made up of", don ƙaramar "up" ɗin nan tana da aiki. "Made of" ta kayan da ba a ƙirgawa ce: katako, ƙarfe, roba, gilashi. "Made up of" ta sassan da ake iya nunawa ɗaya bayan ɗaya ce. "The table is made of wood", amma "The table is made up of a top and four legs." "The adult skeleton is made up of 206 bones." "A football team is made up of 11 players." Idan aka ce "The team is made of 11 players" za a gane, amma kunne zai ɗan tsaya.

Ƙaramin abu da ke ɓata jimla mai kyau: sunan kayan ba ya ɗaukar "a" kuma ba ya zama jam'i. "Made of wood", ba "woods" ba, wannan daji ne. "Made of glass", ba "glasses" ba, wannan tabarau ne ko kofuna. "Made of iron", ba "an iron" ba, wannan dutsen guga ne.

Lauya ya amsa:

Ina da ƙari a kan "comprise", musamman tunda mai tambayar 'yar kimiyya ce, wata rana za ta iya karanta takardar rajistar ƙirƙira, wato "patent", wadda ke ba wanda ya ƙirƙiro abu kariyar doka a kansa.

A rubutun yau da kullum ana koyar da cewa "comprise" kamar "consist of" take, wato cikakken jeri. A takardun rajistar ƙirƙira, musamman a tsarin Amurka, an raba su rabuwa mai tsanani. "Comprising" buɗaɗɗiya ce, daidai take da "including". Wanda ya yi rajistar na'ura "comprising A, B and C", kariyarsa ta hau kan duk na'urar da ke da waɗannan ukun, ko da an ƙara mata D. "Consisting of" rufaffiya ce: A, B da C kaɗai, wanda ya ƙara D a ƙa'ida ya fita daga da'irar. Akwai ta tsakiya, "consisting essentially of", wadda ke barin a ƙara abin da bai sauya ainihin halayen ƙirƙirar ba. Kalma ɗaya a nan tana iya yanke wanda ya ci shari'a, shi ya sa masu rubuta waɗannan takardu suka fi son "comprising".

Darasin ga mai rubutu na gari shi ne "comprise" ba ta da tabbacin rufe jeri kamar yadda "consist of" take da shi. Idan yana da muhimmanci mai karatu ya san babu saura, kamar a jerin sinadaran gwaji ko sharuɗɗan yarjejeniya, "consists of" ko "consists only of" ta fi aminci. Idan kuma ana son a bar ƙofa a buɗe ba tare da gardama ba, lauyoyi kan rubuta "including but not limited to".

Sannan a kula da "consist in", wadda ba ta sassa ba ce sam. Tana nuna inda jigon abu yake, kuma galibi da abin da ba a taɓawa da hannu take tafiya: "The difficulty consists in proving intent", wato wahalar tana wajen tabbatar da niyya. Idan za ki iya musanya ta da "lies in", to "in" ce. Idan za ki iya ƙirga abubuwan da suka biyo baya, "of" ce.

Ɗalibar Kimiyya ta sake rubutawa:

Allah Ya saka da alheri. Bari in gwada, a duba mini: "Nitrogen comprises 78% of air." "The apparatus consist of three tubes and a flask." "What does bronze consists?"

Malam Ɗan-Nahawu ya amsa:

Madalla da gwaji, haka ake koyo. Kuma na karɓi gyaran Malama a kan "is comprised of", kalmar "kuskure" ta yi mata nauyi, a ce dai abar gudu ce a rubutu mai muhimmanci.

Ta farko irin waccan ce. Kin sa sashe a gaba, dunƙulalle a baya, kin kuma yi amfani da "comprises". Turawa da yawa suna rubuta haka, musamman da alƙaluman kashi cikin ɗari, amma masu tsananin ƙa'ida za su ce kin juya kalmar. Akwai uku da ba mai musu a kansu: "Nitrogen makes up about 78% of air", ko "accounts for", ko "constitutes". Ki sa "about", tunda adadin ba cif yake ba.

Ta biyu, aikatau yana bin aikau ne, wato sunan da jimlar ke magana a kansa, ba ya bin jerin da ke bayansa. "Apparatus" a nan tilo ne, don haka "consists", ko da bututu ɗari ne suka biyo. Idonki ya hango "three tubes" ne ya ja ki zuwa jam'i. Haka sunan da ke da siffar jam'i amma abu ɗaya yake nufi: "The United States consists of 50 states and a federal district." Ko Turawan Ingila, da sukan ce "the committee have agreed" idan suna nufin mutanen ciki, a maganar abin da kwamiti ya ƙunsa tilo suke sawa, domin kwamitin ne a dunƙule yake da sassa, ba kowane mamba ba.

Ta uku kurakurai biyu ne. "Does" ta riga ta ɗauke "-s", saboda haka "consist" za ta dawo tsurarta. Kuma "of" ba ta faɗuwa don an mai da jimla tambaya, ƙarshe take komawa: "What does bronze consist of?" Haka "What is it made of?" da "What is it composed of?" Kar ki ji tsoron ƙare jimla da "of", daidai ne, kuma ya fi "Of what does bronze consist?" daɗin ji nesa ba kusa ba. Amsar tambayar taki kuwa: "Bronze consists mainly of copper and tin", jan ƙarfe da kuza, kuzar kan kai wajen kashi 12 cikin ɗari. Idan tutiya aka haɗa da jan ƙarfen a maimakon kuza, sunansa ya koma "brass".